Ido, Igiya da Kyamara: Tarihin Auna Sa Yana Tsaye

A kasuwannin shanu na kudancin Jihar Katsina, daga Malumfashi zuwa Funtua, daga Bakori zuwa Sheme, da wuya ka ga an ɗora sa a kan sikeli kafin a yi cinikinsa. Masara da tiya ake auna ta. Auduga tun zamanin Turawa ake rataya ta a sikeli. Taki ma da nauyinsa yake zuwa, rubuce a jikin buhu. Amma dabbar da ta fi duk waɗannan tsada, wadda a yau kuɗinta kan haura naira miliyan ɗaya, da ido ake sayenta.

Tsaya kusa da tsohon dillali a kara ka ga aiki. Ba ya fara taɓa san. Daga nesa yake tsayawa ya dube shi ta gefe, ya ga tsawonsa daga kafaɗa zuwa gindin wutsiya, ya ga zurfin ƙirjinsa. Sai ya zagaya ta baya, inda nama ba ya ɓuya, ya duba faɗin ƙugu da cikar cinyoyi. Sannan ya matso ya dafa tozo ya girgiza, ya ji ko a tsaye yake da ƙarfinsa ko ya kwanta gefe. Ya shafa haƙarƙari, ya matsa gindin wutsiya, ya damƙi kwiɓi. In ana shakkar shekaru, yara su riƙe ƙaho a buɗe baki a duba haƙora. Daga nan ya ce a ɗan kora shi, ya ga tafiyarsa. Sai ya juya wajen mai dabba: "Alhaji, a faɗi na gaskiya mana." Ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a ce albarka, har a sallama.

Abin da ya yi a wannan ɗan lokaci shi ne ya tattara gani na gefe da na baya da na gaba ya haɗa su siffa guda a cikin kansa, ya gwada ta da dubban shanun da suka bi ta hannunsa, waɗanda ya san nawa aka saye su, ya kuma ji yadda suka fita a mahauta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Masana sun shafe kusan shekara ɗari da hamsin suna neman yadda za a fitar da wannan siffa daga kan mutum a ajiye ta inda kowa zai gani, a juya ta, a auna ta, ba tare da an kayar da dabbar ko an yanka ta ba. A 'yan shekarun nan suka kai ga hakan da kyamara da kwamfuta.

A wannan yanki noma ne ya sa siffar sa ta zama abin lura, ba nama kaɗai ba. Ƙasar Galadiman Katsina, wato Malumfashi, da maƙwabtanta sun fi arewacin Katsina ruwan sama da ƙasa mai riƙe danshi, shi ya sa Turawan mulkin mallaka suka ƙwallafa rai a kansu saboda auduga. A shekarun 1920 aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Injinan gurzar auduga suka tashi a Funtua da Malumfashi. Auduga tana son faɗin gona, faɗin gona kuwa ya fi ƙarfin garmar hannu. A 1928 Ma'aikatar Gona ta soma shirin bai wa manomi rancen shanu biyu da garmar ƙarfe, da farko da mutane 'yan ƙalilan, daga baya abin ya bazu. Shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975, wanda ya haɗa har da Malumfashi da Ƙanƙara, ya tarar da huɗar shanu ta riga ta zauna.

Daga nan manomi ya koyi duban sa da wani ido daban da na mahauci. Shi yana neman biyu masu tsayi ɗaya, don kada karkiya ta karkace ta goge wuyan ɗayan. Yana neman ƙirji mai faɗi, ƙafafu miƙaƙƙu, kofato lafiyayye. Yakan sayi 'yan bijimai, ya yi huɗa da su damina uku ko huɗu, sannan ya turke su da harawa da dusa da angurya ya sayar da riba ya sayi wasu ƙanana. Duk ribar wannan sana'a a kan canjin siffa take, daga ramammen ɗan sa zuwa ƙato, amma babu inda ake rubuta canjin.

Inda aka fara rubuta shi kuwa ba nisa. A Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtua, gwamnati ta kafa gonar kiwo a 1928. Bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 gonar ta koma ƙarƙashinta, a 1976 kuma ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI. A can akwai sikelin shanu, akwai littafin da ake shigar da nauyin maraƙi tun ranar haihuwa. Da yake ba kowane ƙauye za a kai wa sikeli ba, masana a Shika da sauran wurare suka duƙufa a kan wata tsohuwar dabara: a auna jikin dabba da tef irin na tela, a lissafo nauyinta. Akwai wani sanannen lissafi da ake jingina wa Schaeffer. Ka zagaya ƙirjin sa da tef daidai bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, ka auna tsawonsa daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindi, duka da inci. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 300, abin da ya fito shi ne nauyinsa da laba. San da ƙirjinsa ya ba da inci 65, tsawonsa inci 55, zai kama laba 775, wato kilo 350 da 'yan kai.

Me ya sa za a damu da wannan, tunda ciniki yana tafiya ba tare da shi ba? Saboda allura. Maganin dabbobi da nauyi ake ba da shi. Aibamektin, maganin tsutsa da kaska da kowane makiyayi ya sani, mililita ɗaya ne ga kowane kilo 50. Wancan sa mai kilo 350 mililita 7 yake buƙata. In mai shi ya ɗauka kilo 200 ne, 4 zai zuƙa a sirinji. Dabba ba ta warke sarai ba, ƙwayar cutar da ta tsira kuma ta koyi jure maganin. Haka yake ga Berenil da Samorin da ake yi wa sammore. Wani bincike da aka buga a 2008 a kan manoman yammacin Kenya ya gano cewa yawancin shanun da aka ce su ƙiyasta sun rage musu nauyi, ragin kuwa ya kusa rabi. Wannan bai nuna manomi bai san dabbarsa ba. Ya san ta da kuɗi, bai san ta da kilo ba, kwalbar magani kuwa da kilo take magana.

An kuma yi ƙoƙarin mayar da shafar da dillali ke yi ta zama lamba. A 1978 wani likitan dabbobi, Pullan, ya fitar da tsarin ba wa farar saniyar Fulani maki gwargwadon ƙiba ko ramarta, bisa aikin da ya yi a tsaunukan Jos. A 1986 Nicholson da Butterworth na cibiyar ILCA da ke Adis Ababa suka fitar da nasu mai mataki tara domin shanu masu tozo. Tsari ne mai amfani, amma mutum biyu kan dubi saniya ɗaya su ba ta maki daban.

Kada a raina ido, duk da haka. A 1906, a wani bajen kolin dabbobi a garin Plymouth na Ingila, aka kawo wani ƙaton sa aka ce jama'a su sayi tikiti su rubuta nauyin namansa bayan an yanka an feɗe. Francis Galton, dattijo masanin lissafin alƙaluma, ya karɓi takardun bayan gasar. Guda 787 ne suka karantu. Ya jera su daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya ya ce laba 1,207. Da aka auna naman, laba 1,198 ne. Galton mutum ne da ba ya ganin talaka da gashi, aƙidarsa ta fifita wasu jinsunan mutane a kan wasu ma abin ƙyama ce, amma dole ya yarda taron mahauta da manoma da 'yan kallo sun kusa bugawa daidai. A ganina wannan shi ne sirrin kara: idon mutum ɗaya kan kuskure, amma tayi da albarka na mutane da yawa kan kai farashi kusa da gaskiya. Shi dai wannan Galton, tun a 1898, ya riga ya rubuta yadda za a riƙa auna dawaki da sauran dabbobi daga hoto, in an san nisan kyamara da tsayinta.

Kyamara ta riga ta nuna tana ganin abin da ido ba ya gani. A watan Yunin 1878, a Palo Alto ta Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori goma sha biyu a gefen filin sukuwa na attajiri Leland Stanford. Doki ya wuce a guje, kyamarorin suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Hotunan suka tabbatar akwai lokacin da duk ƙafafun doki huɗu ke barin ƙasa, amma a lokacin a tanƙwashe suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka saba yi shekara da shekaru. A 1917 D'Arcy Thompson, malamin jami'a a Sikotland, ya fitar da babban littafinsa a kan girma da siffar halittu. Ya zana kifi a kan takarda mai layuka a tsaye da a kwance, ya nuna in ka karkata layukan ko ka ja su, siffar wannan kifi sai ta koma ta wani jinsin. Ma'ana siffa abu ce da lissafi zai iya kamawa. Sai dai lissafin ya fi ƙarfin alƙalami. Sai a wajejen 1990, da kwamfuta ta wadatu, su Fred Bookstein da James Rohlf suka mayar da tunanin aiki: a sa ɗigo a wasu sanannun wurare na jiki, bakin ido, gindin ƙaho, kan gwiwa, kwamfuta ta gwada dabba da dabba.

Hoto dai shimfiɗaɗɗe ne, yana da tsawo da faɗi, ba shi da kauri. Hanya ta farko da ta kawo kaurin daga asibiti ta fito. Injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, kwamfuta ta jera yankan su zama jiki guda. Cikin abubuwan da ya gwada ta da su har da ƙwaƙwalwar shanu daga mahauta, kafin a ɗora mara lafiya na farko a Landan a 1971. Ita ce na'urar da ake kira siti sikan a asibitocinmu. A birnin Edinbara an daɗe ana saka raguna masu rai a cikinta, a ga yawan tsoka da kitse da ƙashi, a zaɓi na barbara ba tare da an yanka ko ɗaya ba. A Jami'ar Brown ta Amurka kuma, Elizabeth Brainerd da Stephen Gatesy da abokan aikinsu sun haɗa hoton siti sikan da bidiyon hoton ƙashi daga ɓangarori biyu, suka bayyana dabarar a 2010. Ana ganin ƙasusuwan dabba suna motsi a kwamfuta daidai yadda suke yi a cikin jiki. Cikin tsuntsayen da suka fi aiki da su akwai zabo, zabon nan namu. Da shi suka gano ƙasusuwan ƙafar tsuntsu ba gaba da baya kaɗai suke lanƙwasa ba, murɗawa suke yi sosai in zai juya. A 2014 Gatesy da Peter Falkingham suka sa zabo ya yi tafiya cikin tulin ƙananan ƙwayoyin iri, suka ga yadda yatsunsa ke nutsewa da fita, don su fahimci sawun manyan dabbobin da suka ƙare miliyoyin shekaru da suka wuce.

Amma bijimi ba zai shiga na'urar siti sikan ba, kuɗinta ma ba na kiwo ba ne. Hanya ta biyu ita ce ta fi kusa da mu, asalinta kuwa daga masu safiyo da magina ne. A 1858 wani matashin Bajamushe, Albrecht Meydenbauer, ya kusa faɗowa daga saman wata babbar majami'a a garin Wetzlar yana aunawa, sai ya ƙudura nemo yadda za a auna gini daga hotunansa mutum yana ƙasa. Dabarar ita ce ta idanu biyu. Ɗaga yatsa a gabanka, rufe idon dama, sannan ka buɗe ka rufe na hagu: yatsan zai yi kamar ya matsa. Daga girman wannan matsawar ƙwaƙwalwa ke gane nisa. Haka kwamfuta ke yi da hotuna masu yawa na abu ɗaya. Takan nemo wani ɗan tabo, a ce baƙin ɗigo a kafaɗar sa, a hoto na farko da na biyar da na ashirin, ta lissafa inda yake a sarari. Ta yi wa dubban tabo haka, sai ga tarin ɗigogi sun fitar da jikin dabbar. Sai ta haɗa kowane ɗigo da maƙwabtansa, abin ya zama kamar ragar kamun kifi da aka lulluɓa wa san ta kama jikinsa ko'ina. Wannan ita ce siffar da ake kira 3D. Kana iya juya ta a allo, ka leƙa ƙarƙashin ciki, ka zagaya ƙirji da tef na kwamfuta a duk inda ka so, ka san yawan wurin da jikin ya cike da faɗin fatarsa.

Gini ba ya motsi. Dabba tana numfashi, tana kaɗa wutsiya, tana korar ƙuda, in kuwa ta motsa tsakanin hoto da hoto lissafi ya rushe. Maganin da Duncan Irschick na Jami'ar Massachusetts ya samo shi ne a kewaye dabba da kyamarori su ɗauka a ƙiftawa ɗaya. Na'urarsa Beastcam tana da samfuri mai kyamara talatin. A 2016 ya buɗe shirin Digital Life, suka fara da kwaɗi da tsaka da ƙadangaru, suka kai ga kunkurun teku. A da, mai son sanin siffar kwaɗo sai ya je gidan adana kayan tarihi ya ciro wanda ya shekara hamsin a kwalbar sinadari, ya motse, launinsa ya koɗe. Yanzu ana ɗaukar mai rai a mayar da shi inda aka kamo shi.

Aikin da ya fi kama da matsalar kara kuwa a teku aka yi shi. Wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayar da 'ya'yanta nono, a da ba a sanin nauyinta sai in ta mutu an daddatsa ta. A 2019 Fredrik Christiansen na Jami'ar Aarhus ta Denmak, tare da Irschick da wasu, suka bayyana yadda suka auna masu rai a gaɓar Valdés ta Ajantina. Da ƙaramin jirgi maras matuƙi suka ɗauke su daga sama, suka sami tsawo da faɗi, in dabbar ta mirgina gefe kuma suka sami kauri. Suka gina siffar, suka san girman jikin. Saura abu ɗaya: girma ba nauyi ba ne. Sai da suka koma ga tsofaffin bayanan waɗanda mafarauta suka kashe aka auna su a sikeli, suka san nauyin da ke cikin kowane awo na girman jiki, sannan lissafi ya tashi. A riƙe wannan, don shi ne gindin maganar: kyamara ba ta auna nauyi. Siffa take gani, sai an koya mata da dabbobin da aka riga aka ɗora a sikeli.

Wani lokaci ma abin koyarwar kan ba da dariya. A 2017 Silvia Zuffi da Michael Black da abokan aikinsu, a wata cibiyar Max Planck da ke Tübingen ta Jamus, suka so gina siffar dabba mai ƙafa huɗu wadda kwamfuta za ta iya lanƙwasawa ta dace da kowane hoto. Zaki da dorina ba za su tsaya a ɗauke su ba, sai suka ɗauki 'yan gumakan roba na wasan yara guda 41, zakuna da karnuka da dawaki da shanu da dorina, suka koyar da kwamfuta da su. Abin ya yi aiki, har a 2019 suka yi amfani da shi wajen fitar da siffar jakunan dawa na Kenya daga hoto ɗaya tak.

Shigowar abin cikin garke kuma daga wasan yara ta sake fitowa. A 2010 Microsoft ya fitar da Kinect, wata 'yar kyamara ta wasan bidiyo da ke watsa hasken da ido ba ya gani ta auna nisan duk abin da ke gabanta. Ba ta da tsada, sai masu binciken kiwo suka rataya ta a saman hanyar da shanu ke bi. A 2015 kamfanin DeLaval ya sa a kasuwa kyamarar da ke duban gadon bayan saniya daga sama duk lokacin da ta fito daga wurin tatsa, ta ba ta makin ƙiba. In ta fara faɗawa, mai gona zai sani kafin idonsa ya gani. Daga 2020 wasu wayoyin iPhone ma sun zo da irin wannan ido mai auna nisa.

To, a kawo wannan Malumfashi mana. A nan ne za a yi karo da tozo. Yawancin waɗannan na'urori da shanun madara na Turai aka horar da su, irin Holstein masu baƙi da fari, waɗanda gadon bayansu a miƙe yake daga wuya har wutsiya, galibi kuma an cire musu ƙaho tun suna 'yan maruƙa. Bunaji, wato farar saniyar Fulani, wadda ta haura kashi ɗaya cikin uku na shanun Nijeriya, tana da tozo a kafaɗa, da leɓe yana reto a wuya, da ƙahoni masu buɗewa sama. Bokolo leɓensa da fatar cibiyarsa sun fi haka sauka, Rahaji kuwa ƙaho ne da dogayen ƙafafu. Na'urar da ta saba neman kan kafaɗa don auna tsayi za ta tarar da tozo a wurin. Leɓe yana ƙara faɗin hoto ta gefe alhali fata ce kawai. Wurin ajiye kitse ma ya bambanta, don haka ramin gindin wutsiyar da ke nuna yunwa a jikin Holstein ba lalle ya nuna abu ɗaya a jikin Bunaji ba. Ga rana: kyamarori irin Kinect na farko a inuwa suke aiki, hasken tsakar rana yana makantar da su, kara kuwa fili ce. Ga ƙura, ga cunkoso, sa yana jingine da sa. Ba abin da ya gagara ba ne. A Birazil, inda mafi yawan shanun nama Nelore ne masu tozo 'yan asalin Indiya, masu bincike sun ɗauki nasu shanun da irin wannan kyamara, suka ɗora su a sikeli, suka gina lissafin da ya dace da su.

Akwai kuma abin da siffa ba ta faɗa. Tumbin babban sa yana ɗaukar abinci da ruwa masu nauyin gaske. Tsohuwar dabara ce a ba dabba kanwa ko gishiri ta kwankwaɗi ruwa kafin a shiga kasuwa. Kyamara za ta ga ciki ya cika ta ƙara kilo, sikeli ma zai ƙara, kuma ba ƙarya suka yi ba. Mahauci ne zai gane a mahauta, don shi nama yake saye, naman da ƙashi kuwa wajen rabin nauyin dabba mai rai ne, ya ɗan haura ko ya gaza. Shi ya sa yake damƙar kwiɓi da gindin wutsiya, bai damu da tumbi ba.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa nake ganin abin zai iso, ko ana so ko ba a so. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga sun canza kiwo a wannan yanki. Manoma da yawa sun sayar da shanun huɗarsu don gudun a kwana a kore su. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Malumfashi da Ƙafur da Faskari da Ƙanƙara, ta kuma hana fitar da shanu a mota zuwa wasu jihohi. An ɗage dokar daga baya, amma ciniki ta waya ya riga ya samu gindin zama. Yau ana ɗaukar sa ko ragon layya a bidiyo a tura ta WhatsApp zuwa Legas ko Abuja, mai saye ya taya bai taɓa dabbar ba. Kowa kuwa ya san yadda ake durƙusawa a ɗauki rago daga ƙasa ya fito kamar maraƙi. Mai saye daga nesa shi ne zai fara neman awon da ba ya ruɗi. Haka ma maganar shaida. Bafulatani yana gane kowace saniyarsa da launi da juyin ƙaho, amma in an kama ta a wata kasuwa, ganewarsa magana ce ta baki. Zanen da ke kan hancin saniya ba ya zama ɗaya da na wata, an san haka tun shekarun 1920, siffar ƙaho ma tana da wuyar sakewa. Ajiyayyar siffa a waya hujja ce da za a iya nuna wa alƙali.

Wanda abin zai fi taɓawa shi ne dillali, don la'adarsa ladan sanin da wasu ba su da shi ce, ko da yake rabin aikinsa ba ƙiyasi ba ne: shi ne ya san mai dabba, shi ke tsayawa in ta fito ta sata ce, shi ke karɓar bashi. Wanda zai fi cin moriya kuma ya danganta da wayar da manhajar take ciki. In a hannun babban ɗan kasuwa kaɗai take, ƙaramin manomi ya ƙara shiga duhu. In malamin dabbobi na ƙauye yana da ita, allura za ta daidaita, mai turke kuma zai san ko dusar da yake saye tana zama nama.

Aikin da ya rage ba na sabuwar na'ura ba ne. Sikeli ne irin wanda ke Shika tun tuni, da kyamara, da ɗaruruwan Bunaji da Bokolo da Rahaji, maza da mata, manya da ƙanana, na turke da na kiwon daji, a ɗauki siffar kowanne a rubuta nauyinsa a gefe, waɗanda aka yanka kuma a bi su mahauta a auna naman. Kuma ba sau ɗaya ba. Dole a auna su da kaka, lokacin da suka ƙoshi da karmami da harawa, a sake auna su a ƙarshen bazara, lokacin da tozo ya kwanta, haƙarƙari ya fito, wanda kuma shi ne daidai lokacin da manomin Malumfashi ke ɗora musu karkiya.